Jiki ɗaya, doka iri-iri: yadda ake samun lasisin tausa a jihohin Amurka

A gidajenmu tausa ba ta da takarda. Kaka ta kwanta a tabarma ta kira jika ya hau ya taka mata baya, uwa ta gasa wa jariri jiki da ruwan ɗumi ta mulke shi da man kaɗanya, manomi ya dawo gona a gajiye a murza masa kafaɗu. Ba wanda ya taɓa tambayar mai yin a ina ya koyo. Shi ya sa Bahaushen da ya sauka Amurka kan riƙe baki idan aka ce masa a jihar Niyok karɓar kuɗin tausa ba tare da lasisi ba babban laifi ne da kan iya kai mutum gidan yari, kuma kafin a ba shi lasisin sai ya yi sa'o'i 1,000 yana karatu. Mamakinsa kan ƙaru idan ya ji cewa a Teksas rabin wannan ya wadatar, a Wyoming kuma gwamnatin jiha ba ta neman komai a wurinsa.

To, gadon bayan mutumin Niyok da na mutumin Teksas ai halitta ɗaya ce. Tsoka ɗaya, jijiya ɗaya, haƙarƙari ɗaya. Idan dokoki suka sha bamban haka a kan jiki ɗaya, lallai akwai abin da ake auna wanda ya wuce jikin.

Tushen bambancin yana cikin tsarin mulkinsu. Likitan da ya yi rajista da majalisar likitoci ta Nijeriya zai iya barin Kano ya kama aiki a Legas da takardarsa ɗaya, domin hukumar ta tarayya ce. A Amurka kula da sana'o'i hurumin jiha ne, kuma tun 1889 Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a shari'ar Dent da jihar West Virginia, wadda aka yi a kan lasisin likitanci. Daga nan kowace jiha ta ci gaba da ɗinka rigarta daidai wuyanta. Ohio ce ta fara sa tausa a ƙarƙashin doka a 1915, ta damƙa ta ga hukumar likitoci. Fulorida ta biyo baya a 1943. Yawancin sauran sun shigo ne a ƙarshen ƙarni na 20 da farkon wannan, har ya zama yanzu jihohi sama da 40 da gundumar babban birnin ƙasar suna neman lasisi.

Abin da ya kamata a sani shi ne, galibi masu sana'ar ne da kansu suka yi ta zarya majalisun jihohi suna roƙon a sa musu doka. Dalilinsu kuwa mai ciwo ne. Kalmar "gidan tausa" ta daɗe da zama lulluɓin gidan magajiya a biranen Turawa. Tun 1894 mujallar likitocin Ingila ta fallasa gidajen Landan da ke karuwanci da sunan tausa, abin da ya sa wasu mata ma'aikatan jinya suka kafa ƙungiyar ƙwararrun masu tausa don su ware kansu, ƙungiyar da daga baya ta rikiɗe ta zama ta masu gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi ta Birtaniya. A Amurka ma, kafin jihohi su karɓi ragamar, garuruwa da yawa suna lissafa mai tausa ne a layi ɗaya da wuraren baɗala, izininsa a ofishin 'yan sanda ake karɓa. Macen da ta yi karatun jikin ɗan Adam da gaske ta tarar ana yi mata kallon da ake yi wa karuwa. Lasisin jiha shi ne ya cire mata wannan kunya. Wanda bai fahimci wannan ba zai ɗauka dokokin son kuɗi ne kawai ya haife su, alhali neman mutunci na cikin manyan iyayensu.

Matakan da mai nema zai taka kusan iri ɗaya ne a ko'ina, nauyinsu ne ke bambanta. Sai ya kai shekara 18, a yawancin jihohi kuma ya gama sakandare. Sannan makaranta, kuma dole ta zama wadda hukumar jihar ta amince da ita. Nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami, su biya kuɗi su gama, sai a ce musu takardar makarantarsu ba ta karɓuwa. Teksas ta fayyace sa'o'inta 500 dalla-dalla: 200 na dabarun tausa, 125 daga cikinsu na salon Suwidin wanda shi ne ginshiƙin tausar Turawa, 50 na sanin ƙirar jiki, 25 na yadda sassan jiki ke aiki, 50 na motsin tsoka da gaɓoɓi, 40 na cututtuka, 20 na jinya da ruwa, 45 na doka da ɗa'ar sana'a da harkar kasuwanci, 20 na tsafta da taimakon gaggawa, 50 na ƙarshe kuma na gwaji a jikin mutane, malami na tsaye. Pennsylvania na neman 600, Massachusetts 650, Connecticut 750, Nebraska 1,000 kamar Niyok. Kuɗin makaranta kan tashi daga dala dubu kaɗan zuwa sama da dubu goma.

Akwai wani abu da ɗalibi Musulmi, mace ko namiji, ya kamata ya sani tun kafin ya biya ko sisi. A ajin gwaji ɗalibai a jikin junansu suke koyo. Yau kai ke tausa, gobe kai ne kwance a gado, an rufe ka da zani ana buɗe wurin da ake aiki kaɗai, kuma ajin a gauraye yake maza da mata. Rufe jiki da zani ƙa'ida ce mai ƙarfi a sana'ar, saɓa mata na iya jawo ƙwace lasisi, amma ba ta warware batun taɓa jikin wanda ba muharrami ba. Wannan magana ce da za a zauna a yi da shugaban makaranta tun ranar farko, a ji ko za su yarda mace ta yi gwajinta da mata kaɗai, a kuma nemi su rubuta abin da suka amince da shi.

Bayan makaranta sai jarrabawa. Kusan duk jihohin da ke ba da lasisi suna karɓar guda ɗaya mai suna MBLEx, wadda tarayyar hukumomin tausa na jihohi, FSMTB, ke shiryawa. An kafa tarayyar a 2005, aka fara jarrabawar a 2007, kuma bayan wata yarjejeniya a 2014 tsohuwar hukumar da ke gasa da ita ta daina shirya jarrabawar lasisi, filin ya zama nata. Tambayoyi 100 ne na zaɓi, a kwamfuta, cikin minti 110, kuɗin zama dala 265. Kwamfutar na auna mai amsawa tana tafiya: ya ci tambaya ta ƙara masa mai wuya, ya faɗi ta sassauta, kuma ba a komawa baya a gyara. Da Turanci da Sifaniyanci kaɗai ake rubuta ta. A riƙe wannan, za mu dawo kansa. Niyok da Hawai kuwa kowace na da jarrabawarta ta gida, wasu jihohin kuma, irin su Teksas, kan ƙara wata 'yar gajeruwa a kan dokokin jihar.

Saura ɗaukar zanen yatsu da binciken tarihin laifi, takardar koyon farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya a jihohi da dama, da kuɗin lasisin kansa. Kuma ba a gamawa. Teksas na neman ƙarin karatu na sa'o'i 12 duk shekara biyu, Fulorida 24 duk shekara biyu, Niyok 36 duk shekara uku. Wanda zai buɗe shago a Teksas ko Fulorida sai ya nemi wani lasisin daban na wurin. Lasisin kuma yana da iyaka: mai tausa ba ya faɗa wa mutum cutar da ke damunsa, ba ya rubuta magani, ba ya gyara zaman ƙashin baya ko mayar da gaɓar da ta goce. Aikin da mai ɗori ke yi a wurinmu, a can hurumin wasu masu lasisin ne daban.

Jihohin da suka ƙi bin wannan layi su ne suka fi koyar da mai nazari. A Kansas da Minnesota jiha ta bar wa garuruwa, sai ya zama mai tausa da ke aiki a garuruwa uku maƙwabta na iya buƙatar izini uku da sharuɗɗa uku. Rashin dokar jiha bai zama sauƙi ba ke nan. Kalifoniya ta sha wannan wahala shekara da shekaru, har a 2008 majalisarta ta yi dokar da ta haifi CAMTC, wata majalisa mai zaman kanta da ke ba da takardar shaida ga wanda ya yi sa'o'i 500. Karɓar takardar ganin dama ne a dokar jiha, amma mai ita na iya aiki a kowane gari ba tare da neman izinin tausa na garin ba, kuma garuruwa da yawa sun mayar da ita dole. Vermont ta bi wata hanyar. Ofishinta mai kula da sana'o'i ya duba batun fiye da sau ɗaya, yana cewa bai ga hujjar cikakken lasisi ba, daga 2021 kuma jihar ta tsaya a kan rajista: ba sa'o'in makaranta, ba jarrabawa, amma sunanka na hannun hukuma, ana iya kai ƙararka, ana iya hana ka aiki.

Yanzu ga tambayar da ta fi damuna: sa'o'in nan, me suke karewa?

Tausa na da haɗarinta, kuma duk mai cewa ba ta da shi bai san jiki ba. Mutumin da jini ya daskare masa a jijiyar ƙafa, a murza masa sha-raɓa da ƙarfi, gudan jinin na iya ɓallewa ya tafi huhu ya kashe shi. Tsohuwar da ƙashinta ya zaizaye haƙarƙarinta na iya karyewa a ƙarƙashin tafin hannu. Mai shan maganin tsinka jini, mai ciwon daji, mai juna biyu, mai zazzaɓi, mai ciwon fata da ke yaɗuwa, kowane akwai inda ake taɓawa da inda ake bari, akwai kuma ranar da za a ce masa ya je asibiti tukuna. Wanda zai sa hannu a jikin baƙo dole ya san waɗannan, kuma daidai ne a jarraba shi a kansu. Ba ni da ja a nan.

Inda nake da ja shi ne tazarar da ke tsakanin 500 da 1,000. Ma'aikacin motar asibiti na matakin farko, wanda ake kira idan zuciya ta buga ko mota ta kife, horonsa a Amurka bai cika kai sa'o'i 200 ba. Shi ana sakar masa rai a hannu da wannan, mai tausa a Nebraska kuma sai ya ninka shi sau biyar. Manyan ƙungiyoyin sana'ar da kansu sun taɓa haɗuwa suka yi nazarin abin da sabon shiga ke buƙata don ya yi aiki lafiya, suka tsaya a kan sa'o'i 625. Duk abin da ya haura wannan, ɗalibi ne ke biyansa da kuɗi da watannin da ba ya samun albashi, waɗanda ke amfana kuwa makarantu ne da waɗanda suka riga suka shiga, tunda ƙofa ta ƙara ƙunci. Wannan ba tausa kaɗai ya shafa ba. Rahoton fadar shugaban Amurka na 2015 ya nuna cewa a shekarun 1950 ma'aikaci ɗaya cikin ashirin ne ke buƙatar lasisin jiha, yanzu kuwa kusan ɗaya cikin huɗu.

Abin da ya faru a 2024 ya ƙara buɗe mini ido. Tallafin karatu na gwamnatin tarayya da ake kira Pell, wanda 'ya'yan talakawa ke dogaro da shi, a lokacin ba a ba da shi ga kwas ɗin da bai kai sa'o'i 600 ba. A da doka ta yarje wa makaranta ta wuce abin da jiharta ta gindaya da rabi, wato a jihar da ke neman sa'o'i 500 tana iya koyar da har 750, ɗalibanta su samu tallafin. Sai Ma'aikatar Ilimi ta tarayya ta fito da sabuwar ƙa'ida da za ta fara aiki ranar 1 ga Yuli 2024, cewa kada kwas ya wuce abin da jiha ta nema. Nufinta a hana makarantu jan karatu don su ci kuɗin gwamnati. Amma a jihar 500 ma'anarta ita ce ɗalibai sun rasa Pell gaba ɗaya. Nan da nan jihohi irin su Tennessee da North Carolina suka ɗaga sa'o'insu zuwa 650. Wata kotun tarayya a Teksas ta dakatar da ƙa'idar a watan Yuni, ana saura kwanaki ta fara aiki, amma dokokin jihohin sun riga sun canza. Ba wani sabon abu da aka gano game da tsokar ɗan Adam a wannan shekara. Lissafin tallafi ne ya motsa adadin, kuma wanda zai shiga sana'ar a jihohin nan daga yanzu shi zai ɗauki ƙarin.

Sai ɓangare mafi nauyi, safarar mutane. Ƙungiyar Polaris mai yaƙi da safarar mutane ta ƙiyasta a 2018 cewa akwai gidajen tausa na bogi sama da 9,000 a Amurka, suna juya kusan dala biliyan 2.5 a shekara, kuma yawancin matan da ke ciki baƙi ne daga Sin da Koriya ta Kudu, da yawansu bashi ya ɗaure su, ba su jin Turanci sosai. Da yawa daga cikin tsaurin da aka ƙara wa dokokin tausa a shekarun nan da sunan yaƙi da wannan aka yi shi. Niyyar mai kyau ce. Sai dai mai safarar mutane yana da kuɗin sayen takarda. A 2012 Fulorida ta dakatar da lasisin mutum 81 a tashi ɗaya bayan an gano an saye musu takardun makaranta na jabu da dubban daloli. Tsawon sa'o'i bai tare masu kuɗi ba. Wadda ya tare ita ce matar da ta iya tausa tun a ƙasarsu, hannunta ya ƙware, amma jarrabawa ba a yi ta da harshenta. Ta rasa lasisi, sai ta rasa aiki a wuri mai tsafta, sai ta faɗa hannun mai gidan bogi. Ranar da 'yan sanda suka kai samame kuma, sau da yawa ita ake fara kamawa da laifin aiki ba lasisi, mai gidan yana can ya ɓuya a bayan sunan kamfani. Wannan zalunci ne a kan wadda aka ce ana son ceta. Idan ana son kama ɓarawo a bi sawun kuɗin da sunan mai shagon da mai ba da hayar ginin, shi ya sa nake ganin lasisin wuri ya fi lasisin mutum amfani a wannan yaƙi.

Akwai kuma cutarwar da ke fitowa daga masu lasisin kansu. A 2017 binciken kafar labarai ta BuzzFeed News ya tattaro ƙorafin mata sama da 180 da suka ce an ci zarafinsu a rassan kamfanin Massage Envy, wanda ke cikin manyan masu shagunan tausa a ƙasar. Sa'a dubu a aji ba ta gyara mugun hali. Abin da ke tsayar da irin wannan mutum shi ne hukumar da za a kai wa ƙara, ta bincika, ta ƙwace lasisinsa, ta kuma sanar da sauran jihohi don kada ya tsallaka iyaka ya sake buɗe shafi. A ganina wannan ne ƙashin bayan lasisi: binciken tarihi, rajistar da kowa zai iya dubawa a intanet kafin ya kwanta a gadon wani, da ikon kora. Su ne mafi arha a cikin sharuɗɗan, su ne kuma suka fi kare mai zuwa tausa. Ko a Vermont da ta yafe makaranta da jarrabawa, rajista da ikon korar ba ta sake su ba.

Sana'ar tana da albarka, shi ya sa ƙuncin ƙofar ke ba ni takaici. Hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka ta ce matsakaicin abin da mai tausa ya samu a 2023 dala 55,310 ne a shekara, ba tare da digiri ba, kuma mata ne suka fi yawa a cikinta. Uwa mai 'ya'ya na iya tsara lokacinta, baƙo na iya tsayawa da ƙafarsa.

Matsalar ƙarshe ita ce ƙaura. Macen da ta yi shekara goma tana aiki a Teksas da lasisinta, ba ƙorafi ko ɗaya a kanta, mijinta ya samu canjin aiki zuwa wata jihar mai neman sa'o'i da yawa. Lasisinta ba ya bin ta. Sai ta nemi sabuwar jihar ta duba takardunta, kuma amsar ta dogara da dokar wurin: wata jihar na lissafa shekarun aiki a madadin sa'o'in da suka gaza, wata ta ce a koma aji a cike giɓi, wata ta ƙara da jarrabawarta. Idan makarantar da ta yi ta rufe, neman takardun ma wani aiki ne. Matan sojoji sun fi kowa shan wannan wuya saboda yawan canjin barikin mazajensu, shi ya sa Ma'aikatar Tsaron Amurka ta ba da kuɗi aka tsara wata yarjejeniya tsakanin jihohi mai suna IMpact, wadda za ta ba mai tausa lasisi ɗaya da zai yi aiki da shi a duk jihohin da suka sa hannu. Nevada ce ta fara amincewa a 2023, Ohio ta bi ta a 2024, kuma an tsara cewa sai jihohi bakwai sun shiga kafin ta fara aiki. Mizanin karatun da aka rubuta a cikinta sa'o'i 625 ne, tare da cin jarrabawar ƙasa da tarihi mai tsabta.

Saboda haka wanda ke shirin shiga makarantar tausa yau, ko da a jihar 500 yake zaune, yana da dalilin duba kwas ɗin da ya kai 625 ko ya ɗan haura, musamman idan yana ganin wata rana zai tashi. Kafin ya biya kuɗin rajista ya shiga shafin hukumar tausa ta jihar da yake son yin aiki, ya ga sunan makarantar da idonsa a jerin waɗanda aka amince da su, ya kuma karanta sharuɗɗan wannan shekarar, domin adadin da ya ji a bakin wanda ya yi karatu shekara uku da suka wuce mai yiwuwa an riga an canza shi. Ranar da ya gama kuma ya karɓi cikakkiyar takardar sakamakonsa mai nuna sa'o'in kowane darasi, ya adana ta inda yake ajiye fasfo.